Yadda Ake Duba Tsatsa a Rodar Jirgin Sama da Yadda Ake Tare Ta

Duk shekara idan damina ta ja baya, tambaya ɗaya ce ke dawo mini daga bakin matasan da ke koyon gyaran jirgi, musamman waɗanda suka fito daga kwalejin jirgin sama ta Zariya suka zo neman gogewa a hanga, wato rumfar gyaran jirgi: ta ina ake fara duba tsatsa a roda, kuma idan an gan ta me ake yi mata? Wasu ma da gardama suke zuwa. Wani yaro ya taɓa ce mini, "Oga, nan fa Bauchi ce, ba Legas ba. Ina teku, ina gishiri?" Na ce masa, "Ɗauko tocila ka biyo ni." Muka durƙusa ƙarƙashin wutsiyar wani ƙaramin jirgi da ya yi damina biyu a waje, na zura siririyar waya a hudar tsiyayar ruwa da ke ƙasan roda. Jar laka ce ta fara zubowa, sai ruwa mai wari ya biyo baya, kusan rabin kofin shayi. Tun ranar bai sake yi mini maganar teku ba.

Roda ita ce faifan da ke tsaye a ƙarshen wutsiya, wanda matuƙi ke juyawa da feda don hancin jirgi ya karkata dama ko hagu. A nan Bauchi da Gombe, ƙurar hunturu ce ke fara aikin. Tana shiga ta kowace kafa tun daga Nuwamba har Fabrairu, ta kwanta a kan haƙarƙarin ƙasa, ta toshe hudojin tsiyaya. Ruwan Yuli da Agusta ya zo ya tarar da ita, su haɗu su zama laka, lakar kuma ta riƙe danshi makonni bayan ruwa ya ɗauke. Ga kashin tsuntsaye, ga ginin zanzaro. Sannan da yawa daga jiragen da ke sauka a filin jirgin Bauchi da ke Durum ko na Gombe da ke Lawanti suna zuwa Legas da Fatakwal, wasu ma na hannu aka sayo su daga ƙasashen bakin teku, da ciwonsu suka iso.

Abin da zan jera ya fi shafar ƙananan jirage da matsakaita masu rodar alminiyam ko ta bututun ƙarfe. Duk inda maganata ta saɓa da manuwal ɗin jirginka, bi manuwal.

1. Takarda kafin sifana

Zauna da littafin tarihin jirgin tukuna. Nemo ranar da aka cire rodar a karo na ƙarshe, ko an taɓa sake mata fenti, ko an auna daidaiton nauyinta bayan fentin, da kuma garuruwan da jirgin ya yi zama. Daga nan ka bi umarnin dole na lafiyar jirgi, wanda muke kira AD, na ƙasar da ta ƙera shi da na NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, haɗe da sanarwar kamfanin.

Matasa sun fi raina wannan mataki, shi ya sa nake ba su labarin ƙananan jiragen kamfanin Piper. A 2020 da 2021, a jihar Alaska ta Amurka, ginshiƙin roda ya karye ana cikin tafiya a sama a jirage biyu, PA-12 da PA-14, daidai saman hinjin sama. Bincike ya nuna an yi ginshiƙan da ƙarfe mai lamba 1025, wanda tsatsa da gajiya suka fi saurin ci, kuma a 2025 FAA, hukumar jiragen sama ta Amurka, ta ba da umarnin a sauya irinsu da na ƙarfe 4130N. Ido ba ya bambance ƙarafan nan biyu, ga shi yadi ya lulluɓe ginshiƙin. Wanda bai karanta takarda ba zai shafa rodar da hannu ya ce lafiya lau.

Kafin ka tashi, kwafe abu huɗu a takarda ka sa a aljihu: irin ƙarfen fatar rodar, kaurinta, iyakar abin da aka yarda a kankare, da adadin daidaiton nauyi.

2. Kayan aiki, da inda kuɗi ke tafiya

Na dubawa: tocila mai farin haske, madubin leƙe mai sanda, gilashin ƙara girma mai ninki 10, mayen ƙarfe, tsinken roba ko na katako, farin tsumman auduga, da kyamarar leƙe, wato boraskof. Na gyara: burushin nailan, soson Scotch-Brite, samfefar alminiyam oksaid mai lamba 320 da 400, ma'aunin zurfi, ma'aunin ɗaurin kebur, ma'aunin kusurwa da sifanar tok. Na kare kai: safar hannu ta roba, tabarau, da takunkumi mai matatar sinadari, ba irin na yadi da muka saba da shi lokacin korona ba.

Tocila, tsumma da bokiti za ka same su a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, ba su ne ke cin kuɗi ba. Boraskof ɗin da ake jonawa da wayar hannu ma ya ishi ƙaramin jirgi. Aljihu yana jin jiki ne a wajen sinadarai: Alumiprep 33, Alodine 1201 wanda yanzu ake sayarwa da sunan Bonderite M-CR 1201, faraimar efoksi mai haɗi biyu, da man tare tsatsa irin ACF-50 ko CorrosionX. Dukkansu da dala ake sayen su, ana jigilar wasunsu a matsayin kaya masu haɗari, kuma kowanne yana da ranar mutuwa a jikin gwangwani. Sayi ƙaramin mazubi. Na sha ganin galan guda ya mutu a sito bayan an ɗebi kofi ɗaya, zafin Maris da Afrilu ya ƙarasa shi.

Asarar da ta fi kowacce ita ce jirgi ya zauna a ƙasa yana jiran noti ɗaya. Yi odar kusoshin hinji, notuna, kota-fin ('yar ƙusar da ke hana noti warwarewa) da bushin (zoben da ke cikin ramin hinji) tun kafin ka kwance komai. Idan kuma ana hasashen za a kira mai gwajin tsaga da na'ura, sa kuɗin motarsa da masaukinsa a lissafi.

Hattara: kusa ko noti na kasuwa ba ya hawa roda, ko da ya shiga ramin cif. Kowane sashe sai da takardar shaidarsa, kamar fom 8130-3 na FAA ko Fom 1 na EASA, takwararta ta Turai.

3. A duba da dauɗa, sannan a wanke

Ajiye jirgi a inuwa, a sa wa tayoyi waigi, a cire makullin iska, wanda ke hana iska kaɗa roda, a rataya alama a ɗakin matuƙi cewa ana aiki a wutsiya. Idan rodar haidurolik ke juya ta, a sauke matsi, a cire birekar lantarki, a ɗaura mata alama. Irin wannan roda tana karya hannu idan wani ya taka feda a ciki.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da wanki. Dauɗa tana ba da labari. Baƙin layi da ya biyo bayan kan ribit, ko jan layi da ya gangaro daga ƙarƙashin hinji, ruwa da sabulu za su tafi da su cikin minti ɗaya, ka rasa shaidarka. Zagaya da waya ka ɗauki hoto tukuna.

Sai wanki, da sabulun jirgi da manuwal ya amince da shi, daga ƙasa zuwa sama, a ɗauraye daga sama zuwa ƙasa.

Hattara: ban da omo da sabulun wanke-wanke, suna ɗauke da gishirin da ke cin alminiyam. Ban da injin wankin mota mai matsi, yana kore giris daga boris ya tura ruwa cikin haɗin fata. Ruwan burtsatsen da ke barin farin tabo a bokiti idan ya bushe, shi ma kada a yi ɗaurayar ƙarshe da shi.

4. Duban waje, daga ƙasa

Ruwa gangare yake bi, saboda haka ƙasan roda ne wurin fara aiki. Kaɗa ta a hankali dama da hagu, ka kasa kunne. Idan ka ji motsin ruwa ko na tsakuwa a ciki, ka riga ka samu aikin yini. Zura waya mai laushi a kowace hudar tsiyaya, ka ƙirga su ka gwada da zanen manuwal, domin mai fenti yakan rufe guda ɗaya ko biyu bai sani ba.

Kada ka haska tocila kai tsaye. Kwantar da ita a jikin fata yadda hasken zai bi ta gefe, kowane ƙurji zai yi inuwa. Ga abin da idonka ke nema. Fenti da ya kumbura kamar bororo. Idan ka danna da tsinken roba farin gari mai kama da toka ya fito. Siraran layuka masu karkace-karkace a ƙarƙashin fenti, kamar hanyar gara a jikin azara, galibi suna tasowa daga kan ribit ko bakin fata. Wannan iri danshi mai yawa yake so, shi ya sa ake ganinsa bayan Agusta. Baƙin hayaƙi a bayan ribit, alamar ribit ɗin ya saki yana gogar raminsa. Sai fatar da ta tashi tsakanin ribit da ribit kamar matashin kai, wato tsatsa ta cika tsakanin fata da haƙarƙari tana tura ta waje. Wannan na ƙarshe shi ne mugun labari.

Bi bakin baya na rodar da yatsa, inda fatu biyu suka haɗu. Sannan hau tsani ka duba sama: hular roda, gindin fitila idan akwai, da gindin 'yan tsinkayen sauke lantarki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a roda tsagar takan kasance roba ce da rana ta busar a gindin fitila.

Hattara: kada ka yi alama da fensir. Bakin fensir girafait ne, shi da alminiyam idan danshi ya shiga tsakani tsatsa suke haifarwa. Manna salatif na takarda ka rubuta a kansa.

5. Hinji, ƙaho da kebur

A nan nake so ka ɓata lokaci. Wurin nan ne ƙarafa daban-daban suka haɗu, kusar baƙin ƙarfe cikin maƙalin alminiyam, wani lokaci da bushin na tagulla a tsakani. Da zarar ruwa ya haɗa su sun zama ƙaramin batir, kuma alminiyam ne ke narkewa.

Sa wani ya riƙe feda a tsakiya. Kama rodar ka ɗaga sama ka sauke, ka tura gaba da baya. Wasan da ka ji ka auna shi, ka gwada da iyakar manuwal; "ai kaɗan ne" ba awo ba ne. Haska kowane maƙalin hinji, na jikin roda da na jikin wutsiya, da gilashin ninki 10, musamman gefen ramin kusa da lungun da ƙarfe ya lanƙwasa. Jan gari kamar barkono a bakin boris yana nufin ya bushe yana cin kansa. Kusar da farin rufinta na kadmiyam ya tafi har ja ya bayyana, a sauya ta, ba a goge ta a mayar.

Dubi 'yar wayar saƙa da ke haɗa roda da jikin jirgi don lantarki ya wuce. Idan ta yi kore ko ta fara tsinkewa, a sauya. Gindinta wuri ne da tsatsa ke so, domin an kankare fentin wajen da gangan.

Ƙaho shi ne hannun da kebur ke ja a ƙasan roda. Yana daidai inda ruwa ke taruwa, kuma shi ke ɗaukar duk ƙarfin ƙafar matuƙi. Duba inda ya haɗu da ginshiƙi, duba ramukan da kebur ya shiga ko sun zama ƙwai, duba matokaran da ke tsayar da roda. Guguwar farkon damina, irin ta Afrilu da Mayu, idan ta samu roda babu makulli tana buga ta da matokari sau ɗaruruwa a dare ɗaya. Fenti ya fashe, ruwa ya samu ƙofa.

Kebur kuma da farin tsumma ake duba shi. Naɗa tsumman a jikinsa ka ja a hankali. Inda ya saƙale, sili ya tsinke. Sa a taka feda har ƙarshe don sashen da ke kwance a kan fuli ya fito fili. Ƙa'idar da ke cikin AC 43.13-1B, littafin jagorar gyaran jirgi na FAA, ita ce, sili ɗaya da ya tsinke a inda kebur ke bi ta kan fuli, ko ta cikin mariƙi, ko cikin tazarar ƙafa ɗaya daga bakin kebur da aka matse, ya isa a sauya kebur ɗin. Idan ka ga tsatsa a waje, sassauta shi ka murɗa shi baya kaɗan ka leƙa tsakiya. Tsatsar waje ana gogewa a shafa mai. Ta ciki ba ta da magani sai sabo.

Bakunan kebur na sitenles suna da yaudara. Suna sheƙi, amma suna tsagewa daga ciki, sau da yawa a ƙarƙashin wayar kulle inda ido ba ya kaiwa. A kwance wayar, a duba da gilashi. Ɗigon rami ko ɗaya ka gani, a sauya.

Hattara: kada ka ja kebur da hannu tsirara, silin da ya tsinke allura ne. Kada kuma ka wanke kebur na baƙin ƙarfe da fetur ko tina, suna cinye man da ke tsakiyarsa, ka yi gyaran gangar Auzinawa.

6. Leƙa ciki

Buɗe duk murfin dubawa da murafan gindin wutsiya. Zura boraskof ta kowace kafa, ka bi haƙarƙarin ƙasa daga gaba zuwa baya, ka hau ginshiƙi. Sheƙar tsuntsu, ginin zanzaro, kashin jemage ko na ɓera, duk a kwashe su, a wanke gurbinsu, a duba ƙarfen da ke ƙarƙashi. Fitsarin ɓera yana cin alminiyam fiye da yadda mutane ke zato.

Kada ka manta da dalmar da ke goshin roda don daidaita nauyi. Kusoshinta sukan yi tsatsa ta saki, ta riƙa motsi a ciki.

Idan ka ga abin da bai kwanta maka ba, ko shekaru sun ja ba a cire ta ba, a sauke rodar. Mutum biyu, ɗaya ya tallafe, ɗaya ya zare kusoshi, a fara da na ƙasa a ƙare da na sama sai dai in manuwal ya ce akasin haka. Kowace wosha a sa ta a leda da sunan hinjinta. Da rodar ta sauka, bayan ginshiƙin wutsiya zai bayyana, wurin da ba a ganinsa sai a irin wannan rana. Yi amfani da damar.

Roda mai bututun ƙarfe da yadi daga ciki take ruɓewa. Danna bututun ƙasa da tsinken ƙarfe mara kaifi sosai. Idan ya lotsa, bangonsa ya ƙare. Masu rodar faiba, irin Diamond DA40 da DA42 da ake koyon tuƙi da su a Zariya, fatarsu ba ta tsatsa amma hinjinsu da kusoshinsu suna yi. A manyan jirage masu roda mai saƙar zuma a ciki, ana ƙwanƙwasa fata da 'yar guduma ta musamman ana sauraron inda sauti ya mutu, alamar manni ya saki ko ruwa ya shiga. A Maris 2005 rodar wani Airbus A310 na kamfanin Air Transat ta ɓalle a sama bayan ya tashi daga Kuba, Allah Ya sa ya koma ya sauka lafiya, kuma masu bincike na Kanada sun fi karkata ga cewa mannin fatar ne ya saki tun kafin tashi.

7. Wane ƙarfe ne, kuma ta yi zurfin nawa

Idan mayen ƙarfe ya kama, baƙin ƙarfe ne, tsatsarsa ja. Alminiyam farin gari ko ruwan toka. Tagulla kore. Magneziyam fari tas, yana tashi tsibi-tsibi, kuma yana ci da sauri ƙwarai; fatar wutsiyar Beechcraft Bonanza mai siffar V da shi aka yi ta. Tabbatar daga manuwal, domin maganin wani guba ne ga wani.

AC 43-4B, jagorar FAA kan tsatsa, ya kasa tsatsa uku: mara ƙarfi, wadda zurfinta bai wuce inci 0.001 ba, matsakaiciya, har zuwa inci 0.010, sai mai tsanani, wadda ta wuce haka. Kada lambobin nan su rarrashe ka. Fatar rodar ƙaramin jirgi takan kasance tsakanin inci 0.016 da 0.025, ka ga ramin da ake kira matsakaici ya cinye rabinta. A wurare da yawa iyakar da ake bari kashi 10 cikin 100 ne na kauri, amma lambar da ke aiki ita ce wadda ka kwafo a mataki na 1.

Idan ƙarfe ya tashi falle-falle kamar littafin da ya sha ruwa, musamman a maƙalin hinji ko ginshiƙi, tsatsar ta bi ta cikin jikinsa. Ba a kankare wannan. Haka duk tsaga a maƙali ko ƙaho: a sauya sashen. Inda ake shakka, a kira mai gwajin tsaga da jan rini ko da na'urar lantarki ta edi-karan, tun kafin a sa samfefa, domin guga tana shafe bakin tsaga ta ɓoye ta.

8. Cire ta

Rufe kewayen da salatif. Cire fenti ya zarce wurin ciwon da kamar inci ɗaya ko biyu, har ka ga lafiyayyen ƙarfe ta kowane gefe. Goge da Scotch-Brite da ruwa, idan bai fita ba ka koma samfefa 320 ka ƙare da 400. Da hannu, a hankali. Fatar alminiyam irin 2024-T3 tana da siririn rufi na tsantsar alminiyam a samanta wanda shi ke kare ta, duk gugar da ta wuce buƙata rufin nan take ci.

Idan rami ne, kada ka bar shi da kaifin baki. Shimfiɗa shi kamar faranti, faɗinsa aƙalla ninki 10 na zurfin, tsawonsa ninki 20. Duba da gilashi: baƙin ɗigo ko ɗaya ya rage a gindin rami, aikin bai ƙare ba, daga nan za ta sake tsirowa ƙarƙashin sabon fenti. Sannan auna zurfi, ka rubuta.

Hattara: soson ƙarfe, burushin waya na baƙin ƙarfe da samfefar emari haramun ne a jikin alminiyam da magneziyam. Suna barin ɓurɓushin ƙarfe a jiki, kowane ɗaya sabon iri ne ka shuka. Soson da ya taɓa baƙin ƙarfe kada ya dawo kan alminiyam. Garin magneziyam kuma yana kamawa da wuta, ruwa ba ya kashe ta, ƙara mata ƙarfi yake.

9. Magani, faraima, fenti

Wanke wurin da Alumiprep bisa haɗin da ke jikin gwangwani, ka ɗauraye sosai. Zuba ruwa ka gani: idan ya shimfiɗu bai tsinke ba, wurin ya tsarkaka, idan ya dunƙule ɗigo-ɗigo, da sauran maiƙo, sake. Shafa Alodine tun wurin yana jiƙe, ka bar shi minti 2 zuwa 5 har ya yi ruwan zinare, ka ɗauraye. Kada ya bushe a jiki. A iskar hunturu ko zafin bazara yana bushewa kafin ka juya, shi ya sa nake yin wannan aiki da sassafe, a cikin hanga, ina ƙara shafawa yana jiƙe. Bar shi ya sha iska, kada ka goge da tsumma.

Sai faraima cikin lokacin da takardar maganin ta faɗa, shafi siriri, sai fenti. Ranar da hazo ya sauko a rufe ƙofar hanga a yayyafa ruwa a ƙasa, in ba haka ba ƙura za ta zauna a ɗanyen fenti. Da ya bushe, koma ka buɗe hudojin tsiyaya.

Hattara: Alodine 1201 yana ɗauke da kuromiyam mai jawo ciwon daji. Safar hannu, tabarau, takunkumi. Ruwan ɗaurayarsa a tara a mazubi, kada a kwarara a kwata. Tsumman da ya sha shi a wanke kafin ya bushe, busasshe yana iya kamawa da wuta. Ba a shafa shi a magneziyam, ba a barin sa ko Alumiprep su taɓa kusoshi da sassan ƙarfe mai ƙarfi.

10. Awon nauyi

Fenti yana da nauyi, faci yana da nauyi, kuma kusan duk nauyin bayan layin hinji yake sauka. Roda da bayanta ya yi nauyi fiye da ƙima tana iya kama makyarkyata a sama, kaɗawar da ke ƙaruwa da kanta har ta yage wutsiya cikin daƙiƙu. Na taɓa karɓar jirgi daga wani wurin fenti, yana sheƙi, kyan ɗan maciji. Muka ɗora rodar a ma'auni ta zarce iyaka, ashe sabon fenti suka ɗora a kan tsohon. Sai da aka kankare ta tas aka sake.

Ana awon ne a ɗakin da iska ba ta kaɗawa, fanka a kashe, rodar tana cike da duk kayanta: fenti, fitila, tsinkayen lantarki, ƙaramin faifan daidaita tafiya, wato tirim, da sandarsa, yadda manuwal ya tsara. Idan ba ta shiga iyaka ba, kada ka ƙara dalma da ka. Akwai iyakar dalmar da aka yarda.

11. Mayarwa da sa hannu biyu

Sabbin kota-fin, sabuwar wayar kulle. Inda ƙarafa biyu daban za su haɗu, a shafa ɗanyar faraima ko man haɗi irin Duralac, in manuwal ya yarda. A ɗaure da sifanar tok, a sa giris ɗin da aka ambata.

Ɗaurin kebur yana bin zafi, domin jikin alminiyam ya fi kebur buɗewa idan ya ɗumama. Jirgin da aka ɗaure da sanyin asubar Janairu, ɗaurinsa daban ne da tsakar ranar Afrilu a Gombe. Bar jirgi ya huce a hanga, duba ma'aunin zafi, ka bi jadawalin. A tambokul, wato mahaɗin da ake murɗawa don ɗaure kebur, kada zare fiye da uku ya fito waje ta kowane gefe. Auna kusurwar juyawa dama da hagu.

Daga nan mutum ɗaya a ciki, ɗaya a baya, da murya: "Na taka dama." "Ta tafi dama." An taɓa haɗa kebur a juye a jirage da dama a duniya, kuma masu haɗawar ba sabbin hannu ba ne. Injiniya mai lasisi ya sa hannu, wani na biyu da bai taɓa aikin ba ya duba da kansa ya sa nasa. A rubuta wurin tsatsar, zurfinta da abin da aka yi. Mai tsanani a kai rahotonta ga NCAA da kamfanin da ya ƙera jirgin.

12. Tare ta a cikin shekara

AC 43-4B ya ba da tazarar wanki da dubawa: kwana 90 a yanki mai sauƙi, 45 a matsakaici, 15 a mai tsanani. Ni a nan nakan bi 90 da rani, in koma 45 daga Yuni zuwa Oktoba, jirgin da ke kwana Legas ko Fatakwal kuma in lissafa shi da mutanen can.

Lokaci biyu ne ba na sakewa. Ƙarshen Maris, kafin ruwan farko, a busa ƙurar ciki da iska mara ƙarfi, a buɗe hudoji, a sa giris a hinji. Sai Oktoba, bayan ruwan ƙarshe, a yi cikakken duba da boraskof.

Man tare tsatsa ana fesa shi ne kamar hazo, bayan fenti ya gama bushewa, kuma sai an tabbatar kamfani ya yarda a sa shi cikin roda. Siriri ake so. Wanda ya yi ambaliya da shi ya ƙara nauyi, ya toshe hudoji, ga shi zai riƙa tsatsafowa ta ribit yana kama ƙura wata da watanni. Idan ana shirin fentin jirgi nan kusa, a jinkirta shi, fenti ba ya kama inda ya taɓa.

Jirgin da zai kwana a waje a sa masa makullin iska mai jan ƙyalle, a toshe kafofin wutsiya da abin da ake gani daga nesa. Jiragen feshin tsuntsayen jan-baki da na gona a wanke wutsiyarsu a ranar da suka yi aiki, domin duk abin da aka fesa baya yake komawa. Zanzaro kuwa kwana ɗaya ko biyu sun ishe shi ya liƙe huda da laka, saboda haka siririyar wayar nan tana aljihun rigar aikina tun daga Mayu, duk jirgin da na wuce ta bayansa sai na durƙusa na zura ta.